Yadda Ake Nema da Karɓar Bayanan Manyan Laifuka da Tarihin Shari'ar Mutum a Biranen Amurka

Mutumin da ya tashi neman tarihin laifin wani, ko nasa na kansa, a ɗaya daga cikin biranen Amurka yakan fara ne da zaton cewa akwai wani babban kundi guda ɗaya da aka tattara sunan kowane mai laifi a ciki, wanda da zarar an biya kuɗi an rubuta suna za a zaro komai. Babu irin wannan kundi da jama'a ke da ikon buɗawa. Takardun a warwatse suke: akwai na 'yan sandan da suka yi kamu, akwai na kotun da ta saurari shari'a, akwai na ma'ajiyar jiha, da na gidan yari, da na hukumar binciken laifuka ta tarayya, wato FBI, kuma kowace ma'ajiya tana da ƙa'idarta game da wanda ya halatta ya gani. Saboda haka rabin aikin shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, sauran rabin kuwa shi ne iya karanta abin da aka miƙo.

Dokar Amurka ta raba laifuka gida biyu. Babban laifi, wanda za ka ga an rubuta "felony" a takardun kotu, shi ne a bisa ma'aunin dokar tarayya da na yawancin jihohi laifin da hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, kamar kisan kai, fashi da makami, fyaɗe ko safarar miyagun ƙwayoyi. Ƙaramin laifi, wato "misdemeanor", hukuncinsa bai wuce shekara ɗaya ba a yawancin wurare, kuma sau da yawa tara ce kawai. Ma'aunin shi ne iyakar hukuncin da doka ta tanada, ko da alƙali bai ɗaure mutumin tsawon haka ba. Kowace jiha ita ke tsara nata rabon, har ma jihar New Jersey ba ta amfani da waccan kalmar a dokarta ta laifuka. Wannan rabo yana da muhimmanci ga mai bincike domin shi ne ke nuna kotun da fayil ɗin yake.

A gano gunduma tukuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a nufi kotun birni. Kotunan birane galibi suna sauraron laifukan tuƙi ne, da karya dokokin birni, da wasu ƙananan laifuka. Manyan laifuka kotun jiha ce ke shari'arsu, kuma kotunan jiha an shimfiɗa su ne gunduma gunduma, a ƙasar da ke da gundumomi fiye da 3,000. Tambayar farko ke nan da za ka amsa: birnin nan a cikin wace gunduma yake?

Amsar ba kullum take da sauƙi ba. Shikago tana cikin gundumar Cook, kuma magatakardan kotun gundumar ne ke riƙe da fayilolin laifuka. Mafi yawan birnin Houston yana cikin gundumar Harris, amma gefensa ya shiga Fort Bend da Montgomery. Atlanta ta raba ƙafa tsakanin Fulton da DeKalb. Birnin New York kuwa gundumomi biyar ne cur, kuma sunayen wasunsu sun bambanta da sunayen unguwannin da aka sani: Manhattan ita ce gundumar New York, Brooklyn ita ce Kings, Staten Island ita ce Richmond, sai Queens da Bronx da suka riƙe sunayensu. Akwai kuma biranen da ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, kamar Baltimore da St. Louis, waɗanda ke da kotunansu daban da na gundumomin da suke suna ɗaya da su. Wanda ya aika buƙatarsa gundumar Baltimore alhali shari'ar a birnin Baltimore aka yi, za a amsa masa cewa ba a ga komai ba, kuma amsar gaskiya ce, sai dai ba ta da amfani.

Sunan kotu ma yana ruɗarwa. A Kalifoniya ana kiran kotun da ke shari'ar manyan laifuka Superior Court, a Teksas District Court, a Illinois da Fulorida Circuit Court, a birnin New York kuwa Supreme Court, sunan da a wasu jihohi na kotun ƙoli ne. A lura kuma cewa shari'a tana bin wurin da aka aikata laifin ne, ba wurin da mutum yake zaune ba. Idan mutum ya zauna a birane uku cikin shekara goma, ko yana aiki a wata gunduma yana kwana a wata, binciken gunduma ɗaya bai wadatar ba.

A ofishin magatakardan kotu

Asalin ƙa'ida a Amurka ita ce fayilolin shari'ar laifukan baligai a buɗe suke ga kowa, kuma ba a buƙatar mai nema ya faɗi dalilinsa. Kotuna da yawa suna da shafin intanet inda ake bincike da suna ko da lambar shari'a, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi. Yana da kyau a fara da shi, amma a san iyakarsa. Abin da shafin ke nunawa galibi jerin matakan shari'a ne kawai, da ranaku da sunan tuhuma, ba takardun kansu ba, kuma tsofaffin shari'o'in da aka yi kafin shigowar kwamfuta sau da yawa ba sa ciki.

Zuwa da ƙafa ya fi ba da cikakken sakamako. A cikin ginin kotu, bayan an wuce na'urar bincike ta bakin ƙofa, za a tambayi sashen laifuka na ofishin magatakarda. A can yawanci akwai kwamfutocin da aka ajiye wa jama'a, kuma suna nuna abin da ya fi na shafin intanet yawa. Ka rubuta sunan mutumin, ka kwafe lambar kowace shari'a da ta fito harafi da harafi, sannan ka kai lambar gaban taga ka nemi fayil ɗin. Lambar shari'a ita ce mabuɗin komai. Ma'aikacin da zai yi jinkiri ko ya caji kuɗin bincike idan ka ba shi suna kawai, zai ɗauko maka fayil nan take idan ka ba shi lamba. Idan shari'ar tsohuwa ce, za a iya ce maka an kai fayil ɗin ɗakin ajiya a wani gini, sai ka cike fom ka dawo bayan kwanaki.

Kwafi iri biyu ne. Akwai kwafi na yau da kullum da ake biya shafi shafi, wanda ya isa ga mai son sani kawai. Akwai kuma wanda magatakarda ya sa wa hannu ya buga wa hatimin kotu, kuma galibi shi ne hukumomi ke karɓa, musamman hukumar shige da fice da hukumomin ba da lasisin sana'a. Kada a cire ƙusar da aka haɗa takardun mai hatimi da ita domin a yi hotonsu, don wasu ofisoshi suna ɗaukar hakan a matsayin taɓa takardar. Ba lallai ne a kwafi fayil gaba ɗaya ba. Takardu uku ne suka fi muhimmanci: takardar tuhuma, takardar da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare, da takardar hukunci idan an yi hukunci.

Wanda ke nesa zai iya rubuta wasiƙa. A sa cikakken sunan mutumin da duk wani suna da aka san shi da shi, da ranar haihuwarsa, da lambar shari'a idan an sani, da shekarun da ake son a duba, da irin kwafin da ake so. A haɗa da kuɗin da kotun ta ƙayyade ta hanyar da take karɓa, da ambulan mai kan sarki da adireshin mai nema. Idan binciken bai fito da komai ba, a roƙi a ba da takardar shaidar cewa an duba ba a samu ba, domin ita ma hujja ce da ake nema a wasu lokuta.

Yadda shari'a ta ƙare

Nan ne ya kamata mai bincike ya fi natsuwa, domin nan ne ake zaluntar mutane ba da niyya ba. Kamu daban, tuhuma daban, samun mutum da laifi daban. 'Yan sanda suna iya kama mutum bisa zargin babban laifi, mai gabatar da ƙara ya duba ya ga babu hujja ya ƙi shigar da ƙara, amma bayanin kamun ya ci gaba da zama a rumbun 'yan sanda shekara da shekaru. Layin da ake nema a fayil shi ne wanda aka yi wa take "disposition", wato matsayar ƙarshe a kan kowace tuhuma. A can za a ga ko an sami mutumin da laifi, ko an wanke shi, ko alƙali ya kori ƙarar, ko mai gabatar da ƙara ya janye ta, abin da ake rubutawa da kalmomin Latin "nolle prosequi".

A ɗauki misali. Fayil ya nuna an tuhumi mutum da laifuka uku, na farko fasa gida, wanda babban laifi ne. Mai gaggawa zai tsaya a nan ya ce ya gano ɓarawo. Amma idan ya bi jerin har ƙasa, zai iya tarar da cewa bayan wata biyar an janye tuhuma ta farko da ta biyu, mutumin ya amsa ta uku, wato shiga wuri ba izini, aka ci shi tara. A idon doka wannan mutum ba shi da babban laifi ko ɗaya a kansa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifuka a Amurka ta hanyar amsa laifi ake samunsu, yawanci bayan daidaitawa tsakanin lauyan wanda ake tuhuma da mai gabatar da ƙara, kuma rage nauyin tuhuma yana cikin abin da ake daidaitawa a kai. Akwai kuma tsarin da ake jingine yanke hukunci a sa mutum ƙarƙashin sa ido na wani lokaci, idan ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar, kamar yadda ake yi a Teksas. Sannan a duba ko an ɗaukaka ƙara, don kotun sama tana iya soke hukuncin da ke cikin fayil ɗin.

Matsala ta biyu ita ce suna. Binciken kotu da suna ake yinsa, kuma a babban birni mutane da dama suna amsa suna ɗaya. Ga masu sunaye irin namu abin ya ninka, domin suna guda ana rubuta shi Muhammad, Mohammed, Mohamed ko Muhammadu, kuma akawun da ya shigar da shi yana iya sa sunan uba a gurbin sunan yanka. Dole a gwada kowane rubutu, a kuma juya jerin sunayen. Idan wani abu ya fito, kada a ɗora shi a kan mutum sai ranar haihuwa ta yi daidai, in da hali a ƙara da wata alama kamar adireshi ko sunan tsakiya. Wannan ya yi wuya a wasu wurare. A Kalifoniya wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2021 cewa bai halatta kotuna su bar jama'a su riƙa binciken rumbun laifuka da ranar haihuwa ba, don haka tantance mai suna a can ya fi cin lokaci.

'Yan sanda, jiha da tarayya

Ofishin 'yan sandan birni yana riƙe da rahoton kamu da rahoton abin da ya faru, ofishin sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, kuwa shi ne galibi ke kula da gidan wakafi da bayanan waɗanda aka tsare. Ana neman waɗannan takardu a ƙarƙashin dokar buɗe bayanan gwamnati ta jihar. Dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ta 1966 hukumomin tarayya kawai ta shafa, ba ta hau kan 'yan sandan birni ko kotuna ba. 'Yan sanda suna da ikon hana rahoton da bincikensa bai kammala ba, kuma sukan shafe sunayen shaidu da na waɗanda aka cuta. Rundunoni da yawa suna ba mutum takardar shaidar hali a kan kansa, amma abin da take tabbatarwa bai wuce iyakar wannan birni ba.

Kowace jiha tana da ma'ajiya da ke tattara bayanai daga gundumominta, kuma a nan jihohi suka fi saɓawa. A Fulorida kowa na iya neman tarihin laifin wani a hukumar tabbatar da doka ta jihar, wato FDLE, a kan dala 24. A New York ofishin gudanar da kotuna yana yin binciken jiha baki ɗaya a kan dala 95 ga kowane suna, kuma sai suna da ranar haihuwa sun yi daidai da abin da ke rumbun, ma'ana kowane rubutun suna da aka gwada sabon biya ne. Kalifoniya ba ta buɗe ma'ajiyarta ga jama'a ba. Mutum yana iya neman nasa kaɗai, ta hanyar ɗaukar zanen yatsunsa da biyan dala 25, ban da ladan mai ɗaukar yatsun. Ma'ajiyar jiha tana da amfani wajen nuna gundumomin da ya kamata a leƙa, amma idan abin da ta nuna ya saɓa da fayil ɗin kotu, na kotu ake bi, domin daga can bayanin ya taso.

Laifukan tarayya, irin su zamba ta waya ko ta gidan waya, da ƙin biyan harajin tarayya, da laifukan shige da fice, ba sa bayyana a kotun gunduma ko kaɗan. Ana shari'arsu a kotunan tarayya guda 94, kuma ana duba su ta tsarin intanet na kotunan da ake kira PACER, wanda kowa zai iya yin rajista da shi. Kuɗinsa senti 10 ne a kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, kuma idan abin da mutum ya kashe a cikin wata uku bai haura dala 30 ba ana yafe masa. Hukumar gidajen yarin tarayya tana da shafin neman fursunoni da ya haɗa waɗanda aka tsare daga 1982 zuwa yau, sannan ma'aikatar shari'a tana da shafi na kyauta da ke haɗa rajistocin masu laifin lalata na jihohi.

Takardar tarihin laifi da FBI ke bayarwa ita ce ta fi kusa da tarihi na ƙasa baki ɗaya, amma mutum nasa kawai zai iya nema. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1989, a ƙarar da wata ƙungiyar kare 'yan jarida ta shigar, cewa ba za a saki wannan tattararren tarihi ga wani daban ba, ko da ɗaiɗaikun bayanan da ke cikinsa a buɗe suke a kotuna. Mai neman nasa zai cike buƙata a shafin hukumar, ya biya dala 18, ya ba da zanen yatsunsa goma, ko dai ta na'ura a wasu gidajen waya da ke yin wannan aiki a kan ƙarin kuɗi, ko a kan kati da zai aika ofishin hukumar da ke Clarksburg a jihar West Virginia. Yatsun da suka dame ko suka yi dishi-dishi ana mayar da su, don haka gara ƙwararre ya ɗauka. Idan wata ƙasa za a kai takardar, sai an ƙara aika ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tabbatar da ita.

Abin da ba zai fito ba, da abin da doka ta hana

Shari'ar yara galibi a rufe take. Haka kuma shari'ar da kotu ta ba da umarnin a rufe ko a goge. Jihohi da dama yanzu suna rufe tsofaffin laifuka kai tsaye bayan wasu shekaru: Pennsylvania ce ta fara a 2018, dokar New York kuma ta fara aiki a watan Nuwamban 2024. Saboda haka rashin ganin komai a bincike ba ya nufin ba a taɓa kama mutum ba. Ga baƙi mazauna Amurka akwai gargaɗi na musamman a nan. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana buƙatar a bayyana kowane kamu ko da an goge shi, kuma hukumar shige da fice za ta nemi kwafi mai hatimi. Wanda ke shirin neman a goge masa shari'a ya karɓi kwafi masu hatimi da yawa kafin umarnin ya fita, domin bayan an rufe fayil samunsa yakan buƙaci komawa gaban alƙali.

Kamfanonin intanet da ke tallar cikakken tarihin mutum cikin minti ɗaya suna sayen bayanai ne a dunƙule, kuma sau da yawa ba sa sabunta su, shi ya sa ake ganin shari'ar da aka kora ko aka goge tana nan a shafinsu. A ganina amfaninsu bai wuce nuna inda za a fara tono ba. Idan kuwa binciken domin ɗaukar ma'aikaci ne ko ba da hayar gida, kuma ta hannun kamfanin bincike za a yi shi, to dokar tarayya ta 1970 da ake kira FCRA, wadda ke tsara aikin irin waɗannan kamfanoni, ta shigo. Mai ɗaukar aiki dole ya sanar da mutumin a rubuce ya kuma sami izininsa a rubuce, kuma kafin ya hana shi aiki saboda abin da rahoton ya ƙunsa sai ya ba shi kwafin rahoton. Kamun da bai kai ga hukunci ba ba a sa shi a rahoto bayan shekara bakwai, sai ga aikin da albashinsa ya kai dala 75,000 a shekara. Hukumar tarayya mai hana wariya a harkar aiki, wato EEOC, ta bayyana a 2012 cewa kamu shi kaɗai ba hujja ba ce ta aikata laifi, kuma birane da jihohi da yawa sun hana tambayar tarihin laifi a fom ɗin neman aiki na farko.

Wanda ya nemi nasa tarihin ya ga kuskure, ko ya ga kamu ba tare da an nuna yadda shari'ar ta ƙare ba, daga kotu zai fara gyara. Ya karɓi kwafi mai hatimi na matsayar ƙarshe, ya kai wa ma'ajiyar jihar da abin ya faru, domin FBI tana gyara bayanin jiha ne idan hukumar da ta aiko shi ta tabbatar da gyaran. Ana kuma iya shigar da ƙorafin kai tsaye ga FBI ba tare da biyan komai ba. Idan kuskuren a rahoton kamfanin bincike yake, a rubuta musu a haɗa da kwafin takardar kotu, a ajiye shaidar ranar da aka aika, domin daga ranar da suka karɓa doka ta ba su kwana 30 su bincika su gyara ko su cire bayanin.